Awon damuwa da harshen majinyaci: aikin da ke gaban asibitoci irin na Sabon Wuse

Sabon Wuse, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa a Jihar Neja, gari ne da ya samo sunansa daga mutanen tsohon Wuse da aka sake wa matsuguni lokacin gina Abuja. A yau shi da Suleja da Madalla sun zama makwancin ɗimbin ma'aikatan da tsadar haya ta hana zama cikin birni. Akwai Gbagyi da Gwandara da Koro da Fulani da Hausawa da baƙi daga kudu, kuma Hausa ce yawancinsu ke haɗuwa a kanta a kasuwa da tasha da layin ganin likita. Takardun asibiti kuwa da Turanci aka rubuta su.

Idan ciwon zazzaɓi ne ko hawan jini, wannan bambanci ba ya hana aiki, domin akwai na'urar da za ta auna. Ciwon damuwa ba shi da gwajin jini. Abin aunawarsa tambaya ce da amsa, don haka ingancin awon ya rataya ne a kan kalmomin da aka yi tambayar da su.

Takardun da ake amfani da su

Uku daga cikin fitattun takardun tambayoyin sun zagaya duniya. Ta farko ita ce PHQ-9, wadda aka tabbatar da ingancinta a Amurka a 2001: tambayoyi tara kan abin da mutum ya ji cikin mako biyu, maki daga 0 zuwa 27, kuma galibi daga maki 10 ake fara zargin ciwon damuwa. Ta biyu ita ce EPDS, da aka wallafa a Birtaniya a 1987 domin mata masu jego, mai tambayoyi goma. Ta uku ita ce SRQ-20 ta Hukumar Lafiya ta Duniya, tambayoyi ashirin da ake amsawa da "e" ko "a'a", wadda aka tsara musamman domin ƙananan asibitoci a ƙasashe masu tasowa.

Amfaninsu a fili yake. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Mai damuwa a Tafa ba zai fara da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna ko asibitin koyarwa na Gwagwalada ba. Zai fara ne da asibitin sha-ka-tafi, gaban ma'aikacin lafiya da ke da layi a bakin ƙofa. Takarda mai ɗaukar minti biyar ita ce za ta nuna masa wanda ya kamata a tura gaba.

Inda fassara ke tuntuɓe

Matsalar farko kalmar "damuwa" ce kanta. Gidajen rediyo sun saba da "ciwon damuwa", amma a bakin mutane damuwa tana ɗaukar bashi da kuɗin makaranta da jinkirin albashi. Wanda aka tambaya ko yana da damuwa zai iya cewa "e" domin kuɗin mota ya tashi, wani kuma ya ce "Alhamdu lillahi" alhali ya yi wata guda bai yi barcin kirki ba, domin yana ganin ƙorafi rashin godiya ne ga Allah.

Yawancin masu wannan ciwo da jiki suke bayyana shi: zafin kai, faɗuwar gaba, kasala, ciwon gaɓoɓi, ko jin kamar wani abu na yawo a ƙarƙashin fata. Masana a Najeriya sun daɗe da lura da haka. A 1960 Raymond Prince ya rubuta kan ɗaliban da ke kukan gajiyar ƙwaƙwalwa da zafin kai, a 1982 kuma Peter Ebigbo na Inugu ya wallafa ma'aunin da ya gina kan irin waɗannan koke-koke na jiki. Takardar da ba ta tambayi zafin kai ba tana iya wuce majinyacin da ke zaune a gabanta, a sallame shi da maganin zazzaɓi karo na uku.

Akwai kuma salon magana. Ɗaya daga cikin tambayoyin EPDS ta yi amfani da karin maganar Turanci da ke nufin al'amura sun fi ƙarfin mutum. Idan aka juya ta kalma da kalma, sai ta koma "abubuwa suna hawa kaina", wanda a kunnen Bahaushiya zai iya zama zancen iskoki. Tambayar PHQ-9 kan tattara hankali ta kafa misali da karanta jarida ko kallon talabijin. Ga tsohuwar da ba ta karatun boko, sauraren rediyo, lissafin canji ko riƙe adadin raka'o'in salla sun fi kusa da rayuwarta. Zaɓin amsa ma yana da nasa ƙalubale: bambanta "wasu kwanaki" da "fiye da rabin kwanakin" ya fi sauƙi idan an auna mako biyun da Juma'a biyu da suka wuce.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta tunanin mutuwa ko cutar da kai. A al'ummar da addini ya yi kakkausan hani ga kisan kai, mutum zai iya amsawa da neman tsari maimakon gaskiya. A gefe guda kuma, "gara in mutu in huta" magana ce da wasu ke furtawa cikin fushi ba tare da niyya ba. Dole lafazin ya buɗe wa na farko ƙofa ba tare da ya ɗauki na biyu a matsayin mai haɗari ba, kuma a koya wa mai tambaya abin da zai yi nan take idan amsar ta zo da gaske.

Matakan da ake bi

Hanyar da masana suka amince da ita ba aikin tafinta ɗaya ba ne. Mutum biyu da Hausa ce harshensu na farko za su fassara takardar, kowa shi kaɗai, ɗaya masanin lafiya, ɗaya ba masani ba. A haɗa fassarorin biyu, sannan a ba wasu da ba su taɓa ganin asalin ba su mayar da ita Turanci, dabarar da Richard Brislin ya yi fice da ita tun 1970. Kwamitin likitoci da masana harshe zai zauna kan duk inda ma'ana ta kauce. Daga nan a gwada ta kan mutum talatin zuwa arba'in, ana tambayar kowa: me ka fahimta da wannan tambaya, me ya sa ka amsa haka?

Duk wannan gyaran lafazi ne. Tabbatar da inganci mataki ne na daban. A nan za a yi wa ɗaruruwan majinyata tambayoyin, sannan likitan ƙwaƙwalwa da bai ga makinsu ba ya tattauna da su. Kwatanta sakamakon biyu shi ke nuna kashi nawa na masu ciwon takardar ta kama, kashi nawa na masu lafiya ta bari, da kuma makin da ya dace ya zama iyaka.

A ɗauki misali domin lissafi kawai. Mutum 100 sun zo asibiti, 20 suna da ciwon damuwa. Takardar da ke yin daidai sau 80 cikin 100 ta kowane ɓangare za ta gano 16, ta wuce 4, ta kuma nuna wasu 16 daga cikin masu lafiya 80 a matsayin abin zargi. Ke nan rabin waɗanda ta ware ba su da ciwon. Wannan ya sa takarda take zama rariya, ba hukuncin likita ba. Idan kuma fassarar ta gurgunce, alƙaluman sun fi haka lalacewa, ba tare da kowa ya lura ba, domin maki zai ci gaba da fitowa.

Darussa daga wasu wurare

A Indiya, masu binciken da suka yi aiki a Ballabgarh sun wallafa gwajin ƙwaƙwalwa na harshen Hindi a 1995 domin tsofaffin karkara da yawancinsu ba su iya karatu ba. Ba fassara kaɗai suka yi ba; sun sauya tambayoyin da ke buƙatar karatu da rubutu, domin kada a ɗauki rashin zuwa makaranta a matsayin ciwon mantuwa. A Habasha, binciken Frank Kortmann a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa amsoshin "e" da dama ga tambayoyin SRQ sun fito ne daga rashin fahimtar tambaya. A Zimbabwe kuwa, Vikram Patel da abokan aikinsa sun fara ne daga kalmomin majinyata, suka gina ma'auni mai tambayoyi 14 da harshen Shona a 1997, wanda ya ƙunshi abin da mutanen can ke kira yawan tunani. Bahaushe ma yakan ce "tunani ya yi masa yawa".

A gida, aikin ya fi nisa a kudu. An gwada takardar GHQ-12 a Ibadan a 1990, an gwada EPDS a Nnewi a 2003, an kuma gwada PHQ-9 kan ɗaliban jami'a a 2006. Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya yi tambayoyinsa da Yarabanci da Ibo da Hausa da Efik. A Jami'ar Bayero ta Kano, masana gashin ƙashi sun bi waɗannan matakai wajen mayar da ma'aunan ciwon baya da na ingancin rayuwa zuwa Hausa. Ƙwarewar tana nan a Arewa.

Sai dai Hausar Kano ba lalle ta zauna daidai a Tafa ba. Matar Gbagyi da ta koyi Hausa a kasuwa ba dole ta san "ƙunci" ko "fargaba" ba, ko da tana ciniki da Hausa kullum. Gwajin da aka yi kan ɗaliban jami'a ba ya wakiltar mai jego a ƙauye. Saboda haka gari mai gaurayen harsuna irin Sabon Wuse wuri ne da ya dace a gwada fassara: abin da aka fahimta a can zai yi aiki a yawancin garuruwan Arewa ta Tsakiya.

Abin da ya shafi masu riƙe da fayil

Tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya a matakin farko. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun tallafi. Aiwatar da dokar yana buƙatar alƙaluma: mutum nawa, a wace jiha, magani nawa, ma'aikata nawa. Waɗannan alƙaluma daga irin takardun nan suke fitowa.

Don haka jami'in da rahoto ya iso teburinsa yana cewa kashi kaza na mazauna wani yanki na fama da damuwa yana da tambayoyi huɗu da ya kamata ya yi kafin ya sa hannu. Da wane harshe aka yi tambayoyin? Rubutacciyar fassara guda aka yi amfani da ita, ko kowane ma'aikaci ya fassara da ka? A kan su wa aka tabbatar da ingancinta? Wane maki aka ɗauka a matsayin iyaka, kuma me ya sa?

Kuɗin fassara da gwaji ƙalilan ne idan aka kwatanta da na gini ko sayen mota, shi ya sa yakan zama na farko da ake yankewa a kasafi. Amma shi ke tabbatar da cewa mai jegon da ta ce kanta na zafi, ko direban ofis da ke tashi kafin asuba ya dawo bayan isha'i yana kukan faɗuwar gaba, an yi musu tambayar da suka gane, an kuma rubuta amsar da suka nufa.