Jarrabawar Ɗan Shekara Huɗu a Birnin New York

A Manhattan, tsakiyar birnin New York, akwai wata Talata a farkon watan Satumba da iyaye masu hali suke kwana da shirinta. Washegarin hutun ranar ma'aikata ce ta Amurka. A ranar ne makarantun nazare masu zaman kansu suka saba fara ba da fom, kuma shekara da shekaru ta waya aka riƙa nema. Uwa da uba, wani lokacin har da kaka da mai reno, kowa ya riƙe waya yana ta bugawa, don kafin azahar wasu makarantun sun ce fom ya ƙare. Wanda ake wa wannan fafutukar kuwa bai wuce shekara biyu ba. Yana can yana tsotsar yatsa.

Nazaren kanta ba ita ce abin haƙo ba, tsani ce. Manyan makarantun kuɗi irin su Dalton da Trinity da Brearley suna ɗaukar yaro yana shekara biyar a ajin share fage, su riƙe shi shekara 13 har ya kai bakin jami'a. Kuɗin wasunsu ya haura dala 60,000 a shekara, amma duk da haka masu nema sun ninka gurabe sau da yawa. Kafin ma a waiwayi bare, ƙannen ɗalibai da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai sun kwashe wani kaso, don mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ragowar kujerun ake kokawa a kai, kuma shugabar nazare mai suna ita ce dillaliya: ita ke rubuta rahoto a kan yaro, ita ke ɗaga waya ta yi magana da babbar makaranta.

Labarin Jack Grubman ya nuna inda abin ya kai. Shi mai sharhi ne a kan hannayen jari a wani reshe na bankin Citigroup. A 2002 aka bankaɗo wani saƙon imel da ya rubuta, inda ya ce ya ɗaga darajar hannun jarin kamfanin AT&T ne don shugaban bankin, Sandy Weill, ya taimaka masa tagwayensa su shiga nazaren cibiyar 92nd Street Y. Bankin ya yi wa cibiyar alkawarin gudummawar dala miliyan ɗaya, yaran kuma sun shiga. Daga baya Grubman ya ce cika baki kawai ya yi a saƙon. Ko ma dai mene ne, ba wanda ya san garin da ya yi mamaki.

To, ita jarrabawar yaya take? A matakin nazare ba a yin ta. Kallon yaro kawai ake yi yana wasa. Sai ya kai shekara huɗu, yana neman ajin share fage, sannan ta taso. Shekaru da dama iyaye sun riƙa kiranta ERB, sunan hukumar da ke gudanar da ita, amma asalinta gwajin basira ne da masanin halayyar ɗan Adam David Wechsler ya fitar a 1967 domin ƙananan yara. Ba takarda ba ce ake rabawa a zaure. Mai gwaji ɗaya ne da yaro ɗaya a ɗaki, na kusan awa guda. Za a zube masa 'yan tubala masu ja da fari, a nuna masa hoton wani zane, a ce ya haɗa irinsa. Za a tambaye shi ma'anar kalma. Za a ambaci abu biyu, kamar lemo da ayaba, a ce me ya haɗa su. Za a jera hotuna da gurbi ɗaya a buɗe, ya zaɓi wanda ya dace. Ba ruwan gwajin da ko yaro ya iya karatu. Makin kuma ba "ya ci kaza cikin kaza" ba ne. Ana gwada shi ne da sa'anninsa, har watannin haihuwa ana lissafawa. In an ce ya samu 99, ana nufin cikin yara 100 masu shekarunsa ya wuce 99.

A nan gizo ke saƙar. Duk ginin gwajin ya dogara ne a kan cewa yaron bai taɓa ganin aikin ba. Abin da ake son gani shi ne yadda ƙwaƙwalwarsa ke yi in ta haɗu da baƙon abu. Yaron da ya shafe wata shida yana haɗa tubalan nan da malamar lesin, ranar gwaji ba baƙon abu ya tarar ba, tsohon aboki ya tarar. Zai yi sauri, makinsa zai hau, amma abin da aka auna shi ne aljihun iyayensa da himmarsu. Kamar mai awo ne da aka danna wa sikeli da yatsa: lambar ta fito, nauyin bai canja ba. Ga kuma wata matsalar da masana suka daɗe da sani, cewa makin basira a shekara huɗu ba ya zama wuri ɗaya. Rashin barci, ko mura, ko jin kunyar baƙuwar fuska, kowanne na iya sauke shi.

Kamfanonin lesin suka cika gari, da littattafan atisaye masu kama da tambayoyin gaske. Yara masu maki a sama suka yi yawa har makin ya daina bambance kowa. A 2013 ƙungiyar jami'an ɗaukar ɗalibai ta makarantun kuɗi na yankin, ISAAGNY, ta daina ba mambobinta shawarar amfani da gwajin, ta kuma ambaci yawan horar da yara a matsayin dalili. Wasu makarantu suka koma wata sabuwar jarrabawa a kan iPad, wasu suka tsara tasu. In kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja: masu lesin suka bi su can.

Yanzu nauyi ya fi karkata ga ziyarar wasa. Ana tara yara 'yan kaɗan a aji, malamai na gefe da takarda. Shin ya rabu da mamarsa a bakin ƙofa ba kuka? Ya saurari labari har ƙarshe? Da aka ce a ajiye kayan wasa, ya ajiye? Da wani ya ƙwace masa mota, me ya yi? Iyaye ma ana ganawa da su, su rubuta bayani a kan ɗansu, kuma sau da yawa su ake dubawa fiye da shi. A ganina nan ne shiri yake da ma'ana, sai dai ba irin na littafin atisaye ba. Yaron da ake karanta wa labari kullum, ake hira da shi a kan hanya, ake bari ya gaisa da manya ya amsa tambaya da bakinsa, ya riga ya sami yawancin abin da ake nema. Wanda aka haddace wa amsoshi kuwa, masu gwaji kan gane shi, wani ma da kansa zai ce, "Ai mun yi wannan a gida."

Wannan furucin na iya jawo asara. Makarantar firamare ta Hunter College, wadda kyauta ce amma shigarta ta fi ta masu kuɗin wuya, tana ɗaukar yara 50 kacal a shekara daga mazauna Manhattan, da wani nau'i na gwajin Stanford-Binet a zagayen farko. Tana gargaɗin iyaye a fili cewa in aka ga alamar an horar da yaro, za a cire shi daga takara. Makarantun gwamnatin birnin ma sun yi shekaru suna yi wa 'yan shekara huɗu jarrabawar shiga ajin masu hazaƙa, ita ma da kasuwar lesin a gindinta. A 2021 aka daina ta, aka koma ga shawarar malaman nazare, sannan a jefa ƙuri'a tsakanin waɗanda aka zaɓa.