Idan Baƙin Mai Ya Wuce Layi a Injin Mota

 

Abin da ya jawo maganarmu ta yau ya faru ne a gidan su wani ɗan ƙungiyarmu a hutun da ya wuce. Mahaifinsu zai yi tafiya da iyali, sai ya aiki babban wansu ya sayo galan ɗin baƙin mai mai lita huɗu, ya ce ya duba motar, in man ya yi ƙasa ya ƙara. Wan ya zaro sandar gwaji, ya ga man ya sauka kusa da layin ƙasa. Ya buɗe murfi ya fara zubawa, yana leƙa ramin yana jiran ya ga man ya taso, kamar yadda ake cika lagireto da ruwa. Bai tsaya ba sai da ya kusa ƙarar da galan ɗin. Ba su yi nisa da gari ba motar ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, injin yana shiƙa, jar fitilar mai tana kawowa tana ɗaukewa. Allah ya sa Baba ya tsaya nan take. Makanike ya zo ya tsiyaye wajen lita biyu, ya canja fulogogi. Injin dai ya tsira, amma tafiyar ranar ta fasu, an kuma kashe kuɗin da ba a shirya ba.

Da muka tattauna labarin a taronmu, sai muka tarar yawancinmu mun ɗauka ƙarancin mai kaɗai ke kashe inji, yawansa kuwa gata ne. Tun da mu ne ake yawan aika wanke mota, duba mai da tayar da janareta a gida, muka ga ya dace mu fahimci abin tare.

Aikin baƙin mai

A cikin inji ƙarafa ne ke gudu a jikin juna. Fistin yana hawa yana sauka, yana juya wani murɗaɗɗen ƙarfe mai nauyi da makanikai ke kira karanshaf, shi kuma ya miƙa ƙarfin zuwa giya, daga nan zuwa tayoyi. Baƙin mai ne ke shiga tsakanin waɗannan ƙarafa ya hana su cin juna. Shimfiɗar man da ke raba su ba ta kai kaurin silin gashi ba, amma ita ke riƙe da ran injin. Ban da haka, man yana kwashe zafi, yana kuma wanko datti ya kai shi filta.

Mazaunin man wani kasko ne da ke can ƙasan injin. Famfo ne ke zuƙo shi daga kaskon, ya tura shi ta filta da ƙananan hanyoyi zuwa duk inda ake buƙata, sannan ya gangaro ya dawo. Saboda haka ramin da ake zuba mai a sama ba ya cika. Hanya ce kawai da man ke bi ya sauka ƙasa. Duk wanda ya tsaya jiran ganin mai a bakin ramin, to ya riga ya yi ɓarna.

Inda matsalar take

Karanshaf yana juyawa ne a saman wannan kasko, kuma waɗanda suka ƙera injin sun bar tazara tsakaninsa da man da ke kwance. Idan man ya yi yawa, sai ya taso ya cinye tazarar, ƙarfen ya fara dukansa. Mu yi ɗan lissafi. Mota a kan babbar hanya, injinta kan yi juyi kamar 3,000 a minti ɗaya. In muka raba da 60, juyi 50 ke nan a kowace daƙiƙa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda maburgi ke tayar da kumfa a ƙwaryar nono zai iya hasashen abin da ƙarfe mai wannan gudu zai yi wa mai.

Kumfa kuwa iska ce a cikin mai, kuma a nan darasinmu na Fiziks ya shigo. Ruwa ba ya matsuwa, iska tana matsuwa. Kowa na iya gwadawa da sirinji marar allura. A cika shi da ruwa, a toshe bakin da yatsa, a danna, ba zai motsa ba. A cika shi da iska a danna, zai shige. Man da babu iska a cikinsa yana iya ɗaukar nauyin ƙarfe ya hana shi taɓa ɗan'uwansa. Man da ya zama kumfa sai ya lotse, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Famfon ma ba ya iya tura kumfa da ƙarfin da ya kamata, shi ya sa fitilar mai ke iya kamawa alhali injin cike yake da mai. Idan aka ci gaba da tafiya a haka, zafi ya ƙaru, ƙarafa su cinye juna, ƙarshenta a ji an ce injin ya buga. Wato yawan mai yana kai inji inda ƙarancinsa ke kai shi.

Sauran ɓarnar

Ɓarnar ba ta tsaya a kumfa ba. A gaba da bayan karanshaf akwai zobban roba da ake kira sil, akwai kuma gaskit a mahaɗar ƙarafa, duk don su hana mai fita. Idan mai ya yi yawa, fantsamarsa da matsin da ke ciki su ƙaru, sai ya nemi hanya ta wurin da ya fi rauni. Daga nan a fara ganin ɗigon mai a inda mota ta kwana. Sil ɗin baya ba shi da tsada, amma kafin a kai gare shi sai an sauke giyabos, kuɗin aikin ya ninka kuɗin kayan.

Akwai kuma wata 'yar hanya da inji ke numfasawa ta cikinta, wadda ke mayar da tururin kaskon zuwa inda iska ke shiga a ƙone shi. Man da ya yi yawa yakan bi wannan hanya, ko ya tsallake ringin fistin, ya shiga ɗakin da fetur ke ƙonewa. Shi ne ke ba da shuɗin hayaƙi mai ƙauri. Yana daƙushe kan fulogi har ya kasa ba da tartsatsi, mota ta riƙa shiƙa. Yana kuma toshe katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda tana cikin kayan mota masu tsada.

Injin dizal ya fi haɗari. Shi ba ya amfani da fulogin tartsatsi, matsi ne ke kunna mansa, kuma yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona dizal. Idan mai da yawa ya bi hanyar iska ya shiga, injin na iya ɗaukar gudu da kansa, a kashe makulli ya ƙi mutuwa, har sai ya lalace ko an toshe masa iska.

Nawa ne daidai?

Kowane inji da awonsa, kuma yana rubuce a littafin motar. Yawancin ƙananan motoci suna cin tsakanin lita uku da rabi zuwa huɗu da rabi idan an yi juye gaba ɗaya. Galan kuwa yana zuwa da lita huɗu ko biyar, don haka ba dole ba ne ya ƙare. Abin da ya rage a rufe shi a ajiye.

A jikin sandar gwaji akwai alamomi biyu. Wata an rubuta MIN da MAX, wata L da F, wata kuma ɗigo biyu ne ko huda biyu. A motoci da yawa, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kimanin lita ɗaya ne. Motar gidan su abokinmu abin da take nema ke nan, lita ɗaya ko ƙasa da haka. Duk inda mai ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu, lafiya lau. In ya ɗara ta sama da ɗan kaɗan, kamar kaurin tsinken ashana, ba abin tayar da hankali ba ne. In kuwa ya wuce ta da faɗin yatsa ko fiye, a rage shi kafin a hau hanya.

Yadda ake dubawa

1. A tsayar da mota a wuri mai daidai. A kan gangara sandar ƙarya take yi.
2. A duba da safe kafin a tayar, ko a jira minti 5 zuwa 10 bayan an kashe, don man da ke sama ya gangaro. Wanda ya duba nan take zai ga kamar man ya yi ƙasa, ya ƙara abin da ba a buƙata.
3. A zaro sandar, a goge da tsumma mai tsabta, a mayar da ita har ƙarshe, a sake zarowa. Karo na biyun shi ake karantawa.
4. In za a ƙara, a zuba kaɗan, kamar kwatan lita, a jira minti biyu, a sake gwadawa.
5. Ko a gareji aka yi juye, mai mota ya duba sandar da idonsa kafin ya tafi. Makanike ma ɗan Adam ne, yana iya mantuwa.

Idan an riga an cika

Kada a tayar da motar. In kuma ana tafiya aka ga shuɗin hayaƙi ko jar fitilar mai, a sauka gefe a kashe. Makanike yana rage mai ta hanya biyu: ya sassauta noti na ƙasan kaskon ya tsiyaye, ko ya zura siririn tiyo ta ramin sandar ya zuƙe. Mu ɗalibai kada mu shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kawai, kada kuma mu kwance notin inji mai zafi, domin man kan kai kusan digiri 100, zafin tafasasshen ruwa. Abin da aka tsiyaye a tara shi a galan a bar wa gareji, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya.

Wani lokaci man kan ƙaru ba wanda ya zuba komai. Wannan ba arziki ba ne. In yana warin fetur kuma ya tsinke, fetur ne ke zurarewa cikinsa. In ya koma kalar shayi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga, galibi saboda gaskit ɗin saman injin ya ƙone. Duka biyun aikin makanike ne, kuma ba sa jira.

Janareta da babur

Ko gidan da babu mota wannan magana ta shafe shi. Matsakaicin janaretan fetur mai kaskon mai yana cin abin da ya ɗara rabin lita kaɗan, babur kuma kimanin lita ɗaya. Tun da kaskonsu ƙarami ne, ƙarin kofi ɗaya ma yawa ne. Kuskuren da muka fi gani shi ne karkatar da janareta don mai ya ƙara shiga. A ajiye shi daidai a ƙasa, a cika zuwa alamar da aka sa, a tsaya. Ƙaramin janaretan da ake gauraya masa mai da fetur kuwa tsarinsa daban ne, awon gaurayawar ake bi.

Muna roƙon kowane ɗan'uwa, a ƙarshen makon nan ya nemi izinin Baba, Yaya ko Kawu, ya zaro sandar motar gida ko ta babur, ya nemo alamomin nan biyu da idonsa. Wanda ya ga wani abu da bai gane ba ya rubuta ya jefa a akwatin ƙungiya, za mu kai wa malamanmu na fasaha, mu kawo amsa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta