Sayen Wilin Mota da Kuɗi Ƙalilan: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin Ciniki

Tun daga watan Yuni na shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa Naira mara a kasuwar musayar kuɗi, farashin kayayyakin gyaran mota ya yi tashin gwauron zabo a manyan kasuwannin ƙasar nan. Dalar Amurka da ake saye a kan wajen Naira 460 a farashin hukuma kafin wannan mataki ta haura Naira 1,500 a farkon shekarar 2024. Da yake galibin wili da tayoyin da ake sayarwa daga ƙasashen waje ake shigo da su, musamman tun bayan da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, sayen wili ya zama al'amarin da mai mota ko mai harkar sufuri zai yi wa lissafi sosai kafin ya zura hannu a aljihu.

Mai neman wili, wanda 'yan kasuwa suka fi kira rim, zai tarar da kashi uku a kasuwanni irin su Ladipo da ke Mushin a Legas, da Nkpor kusa da Anacha, da Apo a Abuja, da Panteka a Kaduna. Akwai wilin ƙarfe, wanda ya fi arha, ya kuma fi nauyi. Akwai na alminiyum na asali da aka ciro daga tsofaffin motoci a Turai ko Amurka ko Japan, wato tokumbo. Sai kuma sabon na alminiyum mai ƙyalli wanda ba kamfanin motar ne ya ƙera shi ba. Ido yakan fara sauka a kan kashi na uku, amma mai kuɗi ƙalilan ya kamata ya soma da tambayar ko wilin ya dace da motarsa, domin da wuya ɗan kasuwa ya karɓi kayan da aka riga aka ɗaura aka yi tafiya da shi.

Awo na farko shi ne adadin ramukan noti da faɗin da'irar da suke kai, wanda ake rubutawa kamar haka: 5x114.3, wato ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Wannan shi ne awon Toyota Camry da kuma Honda Accord ƙirar 2003 zuwa sama. Toyota Corolla ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2013 tana da 5x100, Peugeot 406 tana da 4x108, yawancin ƙananan motocin Mercedes-Benz suna da 5x112, Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu kuwa 6x139.7. Bambancin da ke tsakanin 5x112 da 5x114.3 milimita 2.3 ne kacal, saboda haka ana iya tilasta wili ya shiga inda ba nasa ba. Idan aka yi haka, noti ba zai zauna a tsakiyar raminsa ba, kusoshin za su riƙa ɗaukar nauyi a karkace, kuma a hankali sukan kwance ko su karye ana cikin gudu.

Awo na biyu shi ne ramin tsakiya, inda wili ke zama a kan cibiyar ƙafar mota. Camry da Accord sun yi tarayya a awon ramukan noti, amma ramin tsakiyar Camry milimita 60.1 ne, na Accord kuwa 64.1. Ma'ana, wilin Camry na asali ba zai shiga Accord ba, na Accord kuma zai shiga Camry amma da sarari na milimita 4. Irin wannan sarari na daga cikin abubuwan da ke sa sitiyari kaɗawa a babbar hanya. Masu ƙera wilin kasuwa sukan faɗaɗa ramin da gangan don ya shiga motoci da yawa, sannan a cike giɓin da ƙaramin zobe na roba ko na alminiyum. Zoben ba shi da tsada, amma wajibi ne a nemi mai awon da ya dace tun a wurin ciniki.

Awo na uku yana rubuce a bayan wili, alal misali 6.5Jx16 ET45. Lamba ta farko faɗin wili ce da inci, ta biyu girmansa, ta ƙarshe kuma tana nuna nisan fuskar da ake ɗaurewa daga tsakiyar wilin da milimita. Idan lambar ET ta yi ƙasa ƙwarai da ta asali, wili zai fito waje, taya ta riƙa gogar jikin mota, boris kuma ya mutu da wuri. Idan ta yi sama ƙwarai, wilin zai shige ciki ya taɓa birki ko shok. Bugu da ƙari, siffar gindin noti ta bambanta: wilin alminiyum na asali na Toyota yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da wosha, na Honda mai zagayayyen gindi, galibin wilin kasuwa kuwa mai tsinin gindi. Sau da yawa sabon wili yana buƙatar sababbin noti, kuma wannan ma kuɗi ne da ya kamata a sa a lissafi.

Inda kuɗi suka fi zurarewa shi ne wajen ƙara girman wili. Motar da ta zo da taya 195/65 R15 tana da tsayin gefen taya na kimanin milimita 127. Idan aka koma wili mai inci 16 da taya 205/55, gefen zai ragu zuwa 113, a inci 17 da taya 225/45 kuwa zuwa 101. Duka ukun tsayinsu gaba ɗaya kusan ɗaya ne, tsakanin milimita 632 da 635, shi ya sa agogon gudu ba ya ruɗewa. Sai dai wanda ya ƙara girman wili dole ne ya sayi tayoyi huɗu a rana guda, kuma duk lokacin da suka ƙare zai sake biyan farashin da ya fi na da. Har ila yau, gefen tayar nan shi ne matashin da ke tsakanin wili da bakin rami, don haka raguwarsa na nufin wili zai fi saurin lanƙwasa ko tsagewa a kan hanyoyin da damina ta lalata. Ga mai motar haya ko motar kai kaya, kowace rana da mota ta kwana a gareji asara ce.

A nan ne wilin ƙarfe ya yi zarra. Idan ya daki rami lanƙwasa yake yi, kuma sau da yawa ana iya miƙar da bakinsa a ci gaba da aiki. Na alminiyum da aka zuba a mazubi yakan tsage, walda kuma tana raunana ƙarfen da ke kewaye da wurin da aka gyara. Saboda haka mai sayen tokumbo ya kamata ya sa a wanke wilin, ya duba bayansa da cikinsa a cikin hasken rana, ya nemi alamar walda, da tsaga a gindin ƙafafunsa, da ramukan noti da suka buɗe. Sabon fenti mai kauri abin tuhuma ne, domin yakan ɓoye gyara. Mafi dacewa shi ne a yi yarjejeniya cewa ba za a kammala biya ba sai an ɗora kowane wili a kan injin balansin an ga yana juyawa ba tare da rawa ba.

Dangane da sabon wilin kasuwa, ana duba tambarin JWL da na VIA, waɗanda ke nuna ƙa'idojin gwaji na ƙasar Japan, tare da adadin kilon da wili ɗaya zai iya ɗauka. Amma masu jabu ma suna kwaikwayon tambarin, don haka rasit mai sunan shago da sharaɗin mayar da kaya ya fi tambari amfani ranar da aka sami matsala. Idan an haɗa wilin da taya, a duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefenta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi game da tsofaffin tayoyi, ko da kuwa zanensu bai goge ba.

Idan kuɗi ba su isa komai ba, tsarin da ya fi riba a bayyane yake. A fara ware kuɗin tayoyi masu kyau, sannan na balansin da alaimen da noti, abin da ya rage shi ne kuɗin wili. Idan wili ɗaya ne ya lalace, a nemi ɗan'uwansa na asali maimakon sauya duka huɗun. Idan kuwa sauyin ya zama dole, wilin ƙarfe ko tokumbo na asali mai girman da kamfani ya tsara ya fi sabo mai ƙyalli wanda ba a san inda ya fito ba. Awon da kamfani ya tsara yana cikin littafin motar, kuma a motoci da yawa an manna girman taya a jikin ƙofar direba. Bayan an ɗaura, a sake matse notin idan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, domin a wannan ɗan tsakanin ne sabon wili ke gama zama a mazauninsa.