Fomalin: Ruwan Da Ke Adana Gawa Yana Iya Cutar Da Mai Rai

Duk wanda aka taɓa yi wa fiɗa aka cire masa wani ƙari daga jiki, da wuya in naman nan bai kwana cikin kwalbar fomalin ba kafin likita ya duba shi da madubi, ya faɗi ko ciwon daji ne ko kuwa a'a. Da wannan ruwa ne kuma ake adana gawawwaki a mutuware da makarantun koyon likitanci. Saboda haka babu wani babban asibiti da zai iya aiki ba tare da shi ba. To, amma ma'aikatan da ke wuni tare da shi suna cikin haɗari in ba a horar da su ba.

Asalin fomalin wata iska ce mai yajin wari da ake kira fomaldehaid, wadda ake narkarwa cikin ruwa har ta kai kimanin kashi 37 cikin 100. A ɗakin gwaje-gwaje akan surka mudu ɗaya da mudu tara na ruwa kafin a jiƙa nama a ciki. A shekarar 1893 ne wani likita Bajamushe, Ferdinand Blum, ya lura cewa fatar yatsunsa ta ƙandare bayan ya yi aiki da ruwan, daga nan aka gane amfaninsa wajen hana nama ruɓewa. Watau tun ran farko a jikin mai rai aka fara ganin aikinsa.

Tururinsa yana sa idanu ruwa, ya ƙona hanci da maƙogwaro, ya tayar da tari da fuka. Yawan taɓa shi yana kawo ƙaiƙayi da tsagewar fata. In ya fantsama cikin ido yana iya makantarwa, wanda kuwa ya kurɓe shi yana iya rasa ransa. Abin da ya fi waɗannan tsanani shi ne wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru. A 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa fomaldehaid cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, musamman na bayan hanci, sa'an nan a 2009 ta ƙara da sankarar jini.

A Amurka, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta kafa doka kan wannan sinadari a 1987, ta kuma tsananta ta a 1992. Dokar ta ce kada yawansa ya wuce kashi 0.75 cikin miliyan na iskar da ma'aikaci ke shaƙa a aikin sa'o'i 8, kada kuma ya wuce kashi 2 cikin miliyan a minti 15. Har ila yau ta wajabta a horar da duk wanda ke shaƙar kashi 0.1 ko fiye, lokacin da ya kama aiki, a kuma maimaita masa kowace shekara.

Darasi na farko a irin wannan horo shi ne hanci ba ma'auni ba ne. Sabon ma'aikaci yakan yi ta hawaye, tsoho kuwa ya ce shi ya saba. Sabo turken wawa: hancin ne ya daina ji, amma tururin yana nan yana shiga ƙirji. Na biyu, takunkumin da likitoci ke ɗaurawa a ɗakin fiɗa ba ya tare wannan iska, sai takunkumi na musamman mai matata. Na uku, safar hannu ta roba ta yau da kullum ba ta daɗewa ruwan yake ratsa ta, wadda ake kira naitiral ta fi ta ƙarko. Dole kuma a sa tabarau da rigar leda wajen zubawa.

Ana kuma koyar da cewa a yanka nama a kan teburi mai fanka da ke zuƙe tururi zuwa waje, a rufe kowace kwalba, a rubuta sunan abin da ke ciki. Kada a taɓa zuba fomalin cikin gorar ruwan sha. In ya shiga ido ko ya zuba a jiki, a yi ta kwarara ruwa har minti 15 kafin a garzaya wurin likita. In ya malale da yawa a ƙasa, a fita, a hana shiga, a kira waɗanda aka koya wa kwashe shi.

A ƙasa mai zafi irin Nijeriya akwai ƙarin dalilin kula, domin zafi yana ƙara tashin tururin, in kuwa aka ɗauke wuta fankar zuƙe iska ta tsaya ke nan. Ya kamata kowane ɗakin gwaji ya san abin da zai yi a wannan hali: a rufe kwalabe, a buɗe tagogi, a dakatar da yanka har wuta ta dawo.

Babban abin lura shi ne wa ake horarwa. Likitoci da masana gwaji sun karanta wannan a makaranta. Amma masinjan da ke ɗauko kwalba daga ɗakin fiɗa, da mai goge daɓe, da ma'aikacin mutuware, su ma suna taɓa ruwan, ga shi kuwa gargaɗin da ke jikin kwalba da Turanci yake. Wajibi ne shugabannin asibitoci su haɗa da su, a yi masu bayani da harshen da suke ji, a nuna masu a aikace, a kuma maimaita kowace shekara. Wanda ke hidimar gano ciwon wasu bai cancanci ya kwashi nasa ciwon a bakin aiki ba.