Tsakanin Zato da Tahƙiƙi: Abin da Ke Yanke wa Ɗalibanmu Wifi

A hutun da ya wuce, da ƴaƴanmu masu karatu a jami'o'in Damagaram da Maradi da Yamai suka dawo Waca, na zauna a fadarsu dare biyu ko uku ana shan shayi, sai na lura babu kukan da ya fi yawa a bakinsu kamar na kwamfutar tafi-da-gidanka wadda, da zarar ɗalibi ya haɗa ta da wifi na makaranta ya fara sauko da littafin da malaminsa ya umarce shi ya karanta, sai ta saki, ya sake haɗawa, ta sake saki, har ya haƙura ya sayi data da kuɗin abincinsa. Abin da ya fi damuna shi ne dalilan da ake kawowa, domin ana faɗarsu da yaƙini irin na wanda ya gani da idonsa, alhali in ka bi isnadinsu sai ka tarar wane ya ji daga wane, shi kuma ya ji daga mai gyara a kasuwa. Malaman hadisi sun koya mana rarrabe ingantacce da mai rauni da ƙagagge, kuma ban ga aibu ba in muka ari ma'auninsu muka auna waɗannan maganganu.

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a fahimci cewa wifi daban, intanet daban. Wifi ɗan gajeren zango ne na rediyo tsakanin kwamfuta da akwatin nan mai ƙyafta fitila da ake maƙalawa a bangon aji, wanda cikin gini bai wuce ƴan gomman mitoci ba. Intanet kuwa doguwar hanya ce da ta tashi daga akwatin, ta bi igiyoyin da aka binne, ta ratsa ƙasashen maƙwabta tun da Nijar ba ta da gaɓar teku, har ta shiga ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin teku suka tsinke daura da Kodebuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka wayi gari shafi ba ya buɗewa, alhali alamar wifi tana nan cike a kusurwar allo. Saboda haka ɗalibi ya fara duba alamar: in tana nan amma komai ya tsaya, illar tana can nesa, kwamfutarsa ba ta da laifi, in kuwa alamar kanta ke ɓacewa, sai a nemi sababin a kusa.

Masu cewa hazo da ƙurar hunturu ne ke yanke wifi, maganarsu ba ta da asali, domin ƙura ba ta tare irin wannan zango a tazarar da ke tsakanin tebur da bango. Abin da ke raunana shi bangon siminti ne, da ƙofar ƙarfe, da jikunan mutane in sun cika ɗaki. Iyakar abin da zan ba su gaskiya a kai shi ne ƙura takan toshe fankar kwamfuta, ta yi zafi a watan Afrilu har ta rikice, amma wannan ciwon kwamfuta ne da mai gyara zai hure cikin minti goma. Haka nan masu ɗora laifin a kan turakun waya na Nijeriya. Na san inda zaton ya samo tushe, don duk wanda ya yi kasuwanci wajen Magaria da Dungas ya ga yadda wayarsa ke kama rezon ƙetare in ya matsa kan iyaka. Sai dai ƙiyasin ɓatacce ne, domin wifi yana da zangonsa na dabam da na layukan waya, kuma turken da ke bakin iyaka ba shi da ikon isa cikin aji a Damagaram.

Wadda ta inganta ita ce maganar cunkoso, kuma ta cancanci a daɗe a kanta. Akwatin wifi kamar majalisar sarki yake, inda mutum ɗaya ke magana sauran su saurara har ya gama. In ɗalibai ɗari suka taru a kan akwati guda, kowa da wayarsa da kwamfutarsa, jiran yakan yi tsawo har na nesa ya faɗi. Tsohon zango na gigahaz 2.4 hanyoyi uku kacal yake da su waɗanda ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11, kuma duk ɗalibin da ya gaji ya kunna wifi na wayarsa don ya raba wa kansa data, ya ƙara hayaniya a kan waɗannan hanyoyi ya tsananta wa ƴan'uwansa ba da saninsa ba. Zangon gigahaz 5 ya fi yalwa, amma da yawa daga tsofaffin kwamfutocin gwanjo da muke iya saya wa yaranmu ba sa ganinsa sam. Akwai kuma lambar shaida da ake ara wa kowace na'ura in ta shigo, wadda a ƙaramin tsari adadinta bai kai 255 ba, in lambobin sun ƙare mai zuwa daga baya sai ya jira wani ya fita.

Batun wai hukumar makaranta ce ke korar ɗalibai da gangan, na sa shi cikin masu rauni. Gaskiya ne wasu makarantu kan ƙayyade wa kowa lokaci, in ya cika sai ya sake rubuta sunansa da kalmar sirri, kuma wannan rabo ne domin kowa ya samu. Sauran yankewar kuwa yawanci wuta ce: in ta ɗauke ko na daƙiƙa biyar, akwatin yakan ɗauki mintoci kafin ya farfaɗo, ita ko kwamfuta tana kan batirinta, mai ita bai ma lura ba. Waɗanda suka yi karatu daga Agusta 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, zuwa Maris 2024 da ta maido, sun san wannan sarai.

Fatawar da ta fi kowace cutarwa ita ce ta cewa ƙwayar cuta ce ta shiga, sai an goge komai an zuba sabo. Ɗan ƙanena, wanda ke rubuta kundin kammala karatunsa, ya zo mini da wannan hukunci daga wani mai gyara, har ya tanadi kuɗin. Na ce masa, "Ɗana, kada ka bari a goge ko harafi guda sai mun gwada." Muka haɗa kwamfutar da wifi na wayata muka zuba mata ido a kan tabarma, ta yi rabin sa'a lafiya lau tana kan caji, da ya zare igiyar cajin, ba a yi minti biyar ba ta saki. Muka maimaita sau uku, sau uku tana saki. Sababin kuwa wani ɗan zaɓi ne a cikin Windows, a sashen kula da na'urori, ƙarƙashin katin wifi, wanda ya ba kwamfuta izinin kashe katin domin tattalin batir. Ya cire alamar da ke cikin ɗan akwatin, muka sake zare caji, ta zauna daram har aka kira sallar isha'i.

Da na duba agogonta kuma sai na tarar yana baya da shekaru, domin ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikinta, mai lamba CR2032, ya mutu, kuma kwamfutar da ba ta san kwanan wata ba takan ƙi amincewa da takardar shaidar shafin shiga na makaranta. Muka gyara kwanan watan da hannu a daren, na ba shi kuɗin batirin ya saya in ya koma birni, na kuma sa shi ya kwafe kundinsa a kan kile na USB guda biyu kafin ya kwanta.