Hunturu Lokacin Tafiya Ne: Yadda Ake Shirin Ziyarar Kusugu

Da zarar watan Nuwamba ya raba, 'yan gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano kan fara kwance dilolin rigunan sanyi. A cikinsu akwai wasu masu kauri da santsi, da hula ɗinke a wuya, da wani ɗan aljihu a hannun riga wanda mai saye ba ya sanin amfaninsa. Da yawa daga cikin rigunan nan an ɗinka su ne domin masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a duwatsun Turai, ɗan aljihun kuwa wurin sa katin hawa kujerun waya ne, waɗanda ke ɗaukar mutum zuwa saman dutse. Wanda ya fara sa rigar ya saye ta ne domin hutun da ya yi watanni yana shiryawa. Mu kuwa da ta zo hannunmu, sai mu sa ta mu koma bakin wuta, muna jiran sanyi ya wuce.

Su ma Turawan ba da wannan al'ada aka haife su ba. Har tsakiyar ƙarni na 19, baƙi da rani suke zuwa duwatsun Alps, sanyi na kunno kai su watse. Labarin da ake bayarwa shi ne a 1864 wani mai otal a garin St. Moritz na ƙasar Suwizalan, Johannes Badrutt, ya roƙi baƙinsa 'yan Ingila su dawo da hunturu, ya ce in ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Suka dawo, suka zauna har ƙanƙara ta narke. Shekara 60 bayan haka, a 1924, aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix da ke Faransa. Yau magidanci a can tun kafin ganye ya zube yake zama da iyalinsa a yi lissafi. Zai duba tsayin dutsen, domin wuri mai bisa ya fi tabbacin samun dusar ƙanƙara. Zai duba launin da aka yi wa hanyoyin gangara, shuɗi na ɗan koyo, ja na wanda ya fara ƙwarewa, baƙi na gwanaye. Sannan ya yanke ko hayar allunan zamiya da takalma zai yi ko saye, yawanci kuma ɗan koyo haya ake ba shi shawarar yi. Ko a Afirka akwai irin wannan: Oukaimeden a duwatsun Atlas na Maroko, mai tsayin kimanin mita 2,600, da Afriski a Lesoto, inda sanyinsu ke faɗowa daga Yuni zuwa Agusta.

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a ƙasar Hausa, ba kuma ita ce abin koyi a wannan labari ba. Abin koyin shi ne shiri. Mutanen nan sun ɗauki lokacin da ya fi kowane tsanani a shekararsu suka mai da shi lokacin tafiya. Namu hunturun ya fi nasu sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a ganina babu lokacin da ya kai shi dacewa da mutum ya kwashi 'ya'yansa ya kai su Daura su ga rijiyar Kusugu da idonsu.

Yana da kyau matafiyi ya san abin da zai tarar, da dalilinsa. Iska biyu ke karɓa-karɓa a kanmu. Da damina, mai laima da ke tasowa daga tekun Atilantika ita ke rinjaye. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen tsakiyar Maris sai ta ja da baya kudu, busasshiyar iskar arewa maso gabas ta maye gurbinta daga Sahara. Hazon da ke tare da ita, kaso mai yawa daga wani kwari yake fitowa a arewacin Chadi, Bodele, wanda a zamanin da can gindin babban tafkin Chadi ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, iska kuma tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi da ƙarfi, ta kwashe ta ta yi sama da ita. Masana na ɗaukar wannan kwari a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, har tana tsallaka teku ta sauka a dajin Amazon. Farin da ke kwanciya a girar mutum a Daura da safe, wani sashensa daga can ya taso.

Sanyin dare kuwa rashin laima ne ke kawo shi. Tururin ruwa a cikin iska kamar bargo yake ga ƙasa, yana riƙe zafin da ta sha da rana. In babu shi, rana na faɗuwa zafin ya tsere. Shi ya sa a Disamba da Janairu asuba kan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, azahar kuma ta doshi 30. A yini ɗaya mutum zai ji ɗari har haƙora su haɗu, ya kuma yi gumi. Amma a gwada wannan da watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa 40, ko da Agusta da ruwa ke yanke hanyoyin ƙauye. Da hunturu an gama girbi, rumbu ya cika, sauro ya ragu, hanya ta bushe, makarantu kuma suna hutun ƙarshen shekara.

Ita rijiyar tana cikin gari, a unguwar da ake kira da sunanta, an yi mata gini an rufe ta. Wanda ya zo da tsammanin ganin wani abu mai girman tafki zai yi mamakin ƙanƙantar bakinta. Girmanta a labarinta yake. Nan ne aka ce macijin da ake kira Sarki ya hana mutanen sarauniya Daurama ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Nan ne Bayajida, baƙon da ya taso daga Bagadaza, ya ratsa Borno, ya bar matarsa a Biram, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso da dare ya nemi ruwa wurin tsohuwa Ayana, ta ce babu. Ya karɓi guga ya nufi rijiyar, ya sare kan macijin. Daga auren Bayajida da Daurama aka sami Bawo, daga 'ya'yan Bawo aka ce sarautun Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano suka fito, Biram ta cika Hausa Bakwai. Malaman tarihi sun daɗe suna muhawara a kan abin da labarin yake nufi: wasu na ganin yana nuna sauyi daga mulkin mata zuwa na maza, wasu na ganin zuwan baƙi ne daga gabas aka dunƙule a mutum ɗaya, kuma kusan duk sun yarda Hausawa sun riga Bayajida zama a nan, tunda gari ya tarar da sarauniyarsa da maƙeransa. Wannan muhawara ba ta rage wa wurin komai ba. Yaron da ya haddace labarin a aji uku na firamare, ranar da ya leƙa ya ga ruwa a ƙasa, aka zura guga aka ba shi ya sha, ranar ce labarin ya zama nasa. Masu kula da rijiyar za su gaya maka ba a taɓa ganin ta ƙafe ba.

Zaɓen rana shi ne inda mutane suka fi yin kuskure, domin suna haɗa kalandar rana da ta wata. Hunturu da rana yake tafiya, bukukuwanmu kuwa da wata, shekarar wata kuma ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Sallar Gani, babban bikin Daura, a watan Rabi'ul Awwal ake yin ta. Daga 2013 zuwa 2017 cikin sanyi ta riƙa faɗowa, amma a 2025 watan Mauludi ya kama ƙarshen damina, kuma cikin daminar zai ƙara nutsawa a shekaru masu zuwa. Ƙaramar Sallah ce yanzu take tahowa: a 2025 an yi ta ranar 30 ga Maris, bisa lissafi a 2028 za ta faɗo a ƙarshen Fabrairu, a 2031 kuma a ƙarshen Janairu. Ke nan nan da 'yan shekaru za a riƙa kallon Hawan Sallah da Hawan Magajiya a Daura cikin hazo. Mai son ganin dawaki ya saurari sanarwar masarauta kafin ya ɗaura kaya, domin akwai shekarun da ake dakatar da hawa. Mai son natsuwa kuwa ya zo a ranar da ba biki, da hantsi, bayan rana ta ɗan kashe kaifin sanyi.

Daga Kano hanyar Dambatta da Kazaure ake bi, daga Katsina kuma ta Mashi, tafiyar kimanin kilomita 80. 'Yan'uwanmu na Damagaram ta Matamai suke gangarowa su shigo ta Kongolam. Wanda zai zo ta jirgin sama ya sauka a Kano ko Katsina ya bar wa kansa rarar kwana ɗaya, saboda hazo in ya yi kauri jirage kan fasa tashi. A mota ma haka: a tashi bayan gari ya waye sosai, a kunna fitila ko da rana in hazo ya rufe, a isa kafin magariba, a kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon.

Batun masauki yana buƙatar gaskiya. Daura ta bunƙasa a 'yan shekarun nan, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 wanda ya biyo ta nan. Tun da aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa ranar 15 ga Yulin 2025, masu zuwa ta'aziyya da addu'a sun ƙara yawan baƙin garin. Duk da haka ɗakunan kwana ba su kai na Katsina yawa ba, ranar taro kuma sukan ƙare. Na taɓa sauka a wani masauki cikin Janairu, aka yi ta yaba mini na'urar sanyaya ɗaki, amma ba bargo, ba ruwan zafi, taga kuma ba ta rufuwa. Da hunturu waɗannan ukun za ka tambaya kafin ka biya kuɗi. Iyali mai yawa na iya kwana a Katsina, su ga hasumiyar Gobarau da gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, washegari su yi sammako zuwa Daura. In an sami kwana biyu, a leƙa Tsohon Birni inda aka ce sarauniyoyin farko suka zauna, da kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi.

Yanzu a dawo kan rigar gwanjon nan. Masu wasan zamiya kansu ba riga ɗaya mai kauri suke dogara da ita ba, hawa uku suke sawa: ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska. Wannan dabara ta fi dacewa da mu fiye da su, tunda sanyinmu na 'yan sa'o'i ne. Singileti, da riga mai dogon hannu, da suwaita mara nauyi da za a iya tuɓewa da hantsi sun fi jibgegiyar riga da yaro zai jiƙe da gumi a ciki, iska ta buge shi mura ta kama shi. Kakanninmu ma haka suka yi da gwado da luru, a yafa da asuba a ninke da rana. Kuma babu takunkumin da ya riga amawalin rawani da mayafi sanin ƙurar Sahara. A sa wa yara hula mai rufe kunne da safa. A riƙe man kaɗanya saboda leɓe da faso, da gorar ruwa, domin busasshiyar iska tana tsotse ruwan jiki ba tare da mutum ya ji ƙishi ba. Mai asma kada ya bar gida sai da abin shaƙarsa a aljihu.

Abu biyu ne ba na so a ɗauka da wasa. Na farko kaskon gaushi a ɗaki rufe: garwashi na fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum ya yi barci bai farka ba. A ji ɗumi a waje, a kashe wuta kafin a kwanta. Na biyu sanƙarau. Ƙasarmu na cikin zirin da cutar ke tashi daga Disamba har faɗuwar ruwa, domin ƙura na raunata hanci da maƙogwaro, cunkoson ɗaki kuma ya yaɗa ta. Katsina na cikin jihohin da annobar 2017 ta taɓa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafi mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. A tambaya a asibiti kafin tafiya, zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuma ba a kwana da su a gida.

In an isa, a tuna gidan mutane aka zo. A yi sallama, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, a saurari mai ba da tarihi har ya kai aya, a ba shi tukuici da fuska a sake. Fadar Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ke kan gado tun 2007, ba nisa, kuma shiga fada da iso ake yi.

Saura masu masaukin baƙi. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, Kano kuwa a labarin da muka gada jikar Daura ce. Ina kira ga masarautar Daura da gwamnatin jihar Katsina su fitar da jadawalin ziyara tun watan Oktoba, da lokacin buɗewa da rufewa, da kuɗin shiga a rubuce a bakin ƙofa. A horar da matasan unguwar Kusugu su riƙa yi wa baƙi jagora da Hausa da Turanci da Faransanci, a gyara makewayi da wurin zaman mata da yara. Shugabannin makarantun Kano, Katsina, Zariya da Damagaram kuma su sa ziyarar Kusugu a cikin shirin zangon Janairu, tun kafin zafin bazara ya shigo.