Gina Kadarko Mai Baka a Kan Rafin Gona

Manomin doya ko rogo a ƙasar Lafiya ya san wahalar ƙaramin rafin da ke ratsawa tsakanin gida da gona. Da rani yaro ma yana tsallake shi, amma daga Agusta zuwa Satumba, lokacin da ruwa ya kankama, sai ya hana baro da babur wucewa, amfanin gona ya kwana a daji. Abin da aka saba yi shi ne a gicciya azarar giginya ko gungumen ƙirya. Waɗannan itatuwa suna jure wa gara, sai dai ba daga tsakiya irin wannan kadarko yake lalacewa ba. Ƙasar Lafiya rairayi ne ya fi yawa a cikinta, ruwa yana cin gaɓar da itacen ya dogara a kai, wata rana a wayi gari ya zame cikin rafin.

Idan faɗin rafinka bai wuce mita 2 zuwa 3 ba, kana iya gina kadarko na dutse mai siffar baka, wanda zai daɗe ba tare da rodi ba. Wannan siffa ba baƙuwa ba ce ga maginanmu. Duk wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya ga bakan gizo. Sai dai nasa na laka ne da azara, naka kuwa cikin ruwa zai zauna, don haka dutse da siminti yake bukata.

Yadda baka ke ɗaukar kaya

Miƙaƙƙen katako lanƙwasawa yake yi idan an ɗora masa nauyi. Baka kuwa tura nauyin yake yi daga dutse zuwa dutse har ya sauke shi a gaɓoɓi biyu, kowane dutse yana matse ɗan'uwansa. Saboda haka ƙarfin kadarkon duka yana ga harsashin da ke gefe da gefe. In harsashi ya matsa ko da kaɗan ne, bakan zai tsage. A nan ya kamata ka kashe mafi yawan kuɗinka da ƙarfinka.

Zaɓen wuri da harsashi

Ka zaɓi inda rafin ya miƙe, kada ka gina a kwana, domin a nan ruwa ya fi cin gaɓa. Ka duba inda ambaliyar bara ta bar shara a jikin ciyawa da itatuwa, ka tambayi dattawan unguwa iyakar inda suka taɓa ganin ruwa ya kai. Cikin bakan ya ɗara wannan alama, kuma kada ginin ya ƙuntata hanyar ruwa. A fara aiki cikin Disamba ko Janairu, bayan ƙasa ta tsane.

A haƙa harsashi a kowace gaɓa har ya zarce ƙasan rafin da kamar mita 1, ko kuma sai an tarar da ƙasa mai tauri. A gina shi da manyan duwatsu da kwaɓin siminti kwano 1 ga yashi kwano 4. Yashin ya zama mai kaifi, marar laka.

Ɗaura bakan

Ba lallai ne ka sayi katako don abin ɗori ba. Ka tara ƙasa tsakanin harsasan biyu, ka daɓe ta sosai, ka gyara bayanta ya yi siffar bakan da kake so. Ga rafi mai faɗin mita 2, tudun ya tashi kamar santimita 60 a tsakiya. Bakan da ya kwanta da yawa ya fi tura harsashi, wanda ya tashi da yawa kuma yana wahalar da mai tura baro.

A jera duwatsu a kan tudun daga gefe biyu a lokaci guda, kowanne a tsaye, bakinsa yana duban ƙasan tudun, kaurin jerin ya kai santimita 30, faɗinsa kuma mita 1.2. Dutsen tsakiya shi ake sawa a ƙarshe, a buga shi ya shiga da ƙyar. Inda dutse ya yi wuya, jan bulo da ya gasu sosai zai yi. Bulon siminti mai rami kam, ban ba da shawarar a kusance shi ba, duk da arharsa.

A rufe ginin da tsofaffin buhuna, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma na akalla mako guda. A cike bayan bakan da duwatsu da tsakuwa, sa'an nan bayan kwana 28 a kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi, a fara daga tsakiya. Kada a bar ta sai ruwan farko ya kwashe.

Da saukar damina a dasa jema a gaɓoɓin, sama da ƙasan kadarkon, domin saiwarta tana riƙe ƙasa. Wannan gini na mutane ne da baro da babur, ba na tarakta ba. In rafin ya fi mita 3, ka nemi malamin gona na yankinka ya haɗa ka da injiniya kafin ka sa diga.